Kalangu ya buɗe bakin Baba, ni kuma na yi sake da hannunsa

Har yau in na ga hannun Baba na dama a dunƙule bisa cinyarsa sai raina ya ɓaci, don laifina ne.

Hawan jini ne ya kayar da shi. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke, ko sunana ba ya iya kira. Mutumin da ya kwashe shekaru yana jan mota daga tashar Unguwa Uku, ga shi a Gwammaja yana kallon bango, tuwo ma sai an yi da gaske.

Wata rana na je kasuwar waya ta Farm Centre aka tura mini waƙoƙin Mamman Shata a memori, don Baba tun yana direba ba shi da na biyunsa. Kalangu na tashi, sai na ga babban yatsan ƙafarsa na hagu yana motsi. Da 'yan amshi suka karɓa, wallahi sai ya karɓa tare da su, kalma tiryan-tiryan! Hajiya ta saki ludayi ta fito da gudu.

Mai yi masa gashin ƙashi a asibiti ta ce ba abin mamaki ba ne. Ga yawancin mutane magana a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa take, inda ciwon ya taɓa, amma rera waƙa har da ɓangaren dama ake yin ta. Ta ce kiɗan zai taimaka masa wajen daidaita taku, a riƙa kunnawa yana tafiya.

To, nan na tafka wautar. Ganin ya soma cin abinci, yana barci, har yana dariya, sai na ce ai an samu magani. Kuɗin Adaidaita Sahu zuwa da dawowa ya ishe ni, na daina kai shi gashi. Mako shida cur. Waƙa dai muke ta sha safe da yamma, hannu kuwa yana can yana sandarewa.

Da muka koma, ta kama yatsun ta kasa miƙar da su. Ta dube ni ta ce, "Malam, kalangu ne zai lanƙwasa masa gwiwar hannu?" Na rasa ta cewa.

Yanzu ko ana ruwan ƙanƙara ba ma fashi, maganin hawan jini ma ba ya wuce lokacinsa. Yana iya taka tsakar gida da sanda, yana bin kiɗan. Cokali dai har yanzu da hagu yake riƙewa.