Kalangu ko turmi da taɓarya: inda na kwana da ƙashin nan na Dange

'Yan'uwa masu tsintar ƙasusuwan da suka zama dutse, ga bayanin gaɓar ƙashin bayan da na ɗauko a wani kwazazzabo kusa da garin Dange a jihar Sakkwato bayan ruwan ƙarshen damina. Wata biyu tana kwance a gwangwanin haƙoran kifin shak, na ma rubuta "kifi" a takardarta. Ashe na yi gaggawa, ta maciji ce.

Ranar Asabar na zauna da tsohon buroshin goge baki da allura, na riƙa kankare lakar da ta toshe bakinta. Gefe ɗaya ya fito a loɓe kamar ƙoƙo. Da na juya ɗayan gefen ina jiran wani ƙoƙon, sai na ga dunƙule mai santsi. Nan na ajiye allurar. Gaɓar kifi, ta shak ko ta waninsa, loɓaɓɓiya ce gaba da baya, siffar kalangu sak. Ta maciji kuwa turmi ce a gaba, kan taɓarya a baya, kowace taɓarya tana shiga turmin gaɓar da ke biye mata. Wannan shi ne abin da ya kamata in fara dubawa tun a kwazazzabon.

Amma ƙadangare ma haka tasa take, don haka na ɗauko gilashin ƙara girma. A saman ramin da jijiyar baya ke bi, ta gaba, akwai wani ɗan harshe mai faɗi, a baya kuma akwai gurbin da irinsa ke shiga, kamar haɗin da kafinta ke yi wa katako. Kowane maciji yana da wannan ƙarin makulli.

Abin da ya sa na ce macijin na ruwa ne: gaɓar a matse take daga gefe zuwa gefe, tsayinta ya fi faɗinta, kuma wurin da haƙarƙari ke maƙalewa ya sauko ƙasa sosai. Jiki ne na mai iyo. Na jera ta da gaɓar Palaeophis, wani macijin teku na zamanin da, wadda wani abokina ɗan kasuwa ya kawo mini tsaraba daga Maroko, daga ma'adinan fosfat na Khouribga. Ta Marokon tana da 'yan fukafukai biyu da suka miƙe sama ta baya. Tawa, kash, daidai wurin ne ya guntule, kuma ina zargin allurata.

Kada wani ya yi mamakin macijin teku a Sakkwato. Shekara kusan miliyan 60 da suka wuce teku ne ya ratsa Sahara ya rufe nan, farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina ma a ƙarƙashinsa ta taru. A Nijar aka tono macijin Nigerophis mirus, wanda masanin Faransa Jean-Claude Rage ya raɗa wa suna a 1975. A Mali kuma aka samu Palaeophis colossaeus, wanda aka ƙiyasta tsawonsa tsakanin mita 8 da 12. Tawa dai ba ta kai kan babban yatsa ba.

Na yaga tsohuwar takardar, na rubuta "maciji, na ruwa" da wuri da kwanan wata. Yanzu na zazzage gwangwanin duka a kan tabarma, ina juya kowace gaɓa in duba bayanta.