Ƙwayar da ake sha tun kafin a san da cikin

Lokacin da nake koyon aikin ungozoma, folic acid, wani nau'in bitamin, a wurina 'yar ƙwaya ce ruwan ɗorawa da muke ƙirgawa a leda tare da jar ƙwayar ƙarin jini, mu miƙa wa masu awo. Ban san girmanta ba sai wani dare da muka karɓi wata jaririya da ƙullutu a gadon baya, jajir, babu fata a kansa, ƙafafun ko motsi ba sa yi. Uwar haihuwar fari ce. Ta riƙo hannuna ta ce, "Sista, wallahi duk maganin da kuka ba ni na sha."

Gaskiya ta faɗa. Sai dai cikin na wata biyar ta fara zuwa awo, kamar yawancin matanmu, ga kunyar fari, ga tsoron baki. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri kuwa wajen kwana 28 da shigar ciki yake gama rufewa, lokacin da mace ke tsammanin al'ada ce kawai ta yi jinkiri. In bai rufe ba a lokacin, ko buhu guda ta sha daga baya ba zai rufe ba.

Shi ya sa ƙa'idar ita ce maikirogiram 400 kullum, aƙalla wata ɗaya kafin ɗaukar ciki har zuwa mako 12. Wadda ta taɓa haifar irin wannan jariri, ko take shan maganin farfaɗiya, likita kan ɗora ta a kan miligiram 5, wato fiye da ninki goma na wancan. Wani binciken Birtaniya da ya fito a 1991 ya nuna shan miligiram 4 kullum na rage maimaituwar matsalar da kusan kashi 70 cikin 100. Amurka ma tun 1998 ta wajabta zuba shi a garin fulawa. Alayyahu da zogale da wake suna da shi, amma yadda muke barin miya a wuta, rabonsa kaɗan ne ke isa kwano.

Yanzu amare nake tarewa, in sun zo gwajin jini kafin aure. Kwanan baya wata uwa ta harare ni, ta ce, "Ko lalle ba a sa mata ba, kina zancen ciki?" Na ce, "Hajiya, ki haɗa mata a kayan gyaran jiki." Ta yi dariya, ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafi.