Granola ta gida: wuta ce ke ɓata ta

'Yan uwa, granola haɗin hatsin oats ne da gyaɗa da zuma da ake gasawa a obin. Yawancin granolar da ke yin ɗaci, wuta ce ta yi yawa, zuma kuma ba ta jure zafi. Oats kofi 3, gyaɗa kofi 1, riɗi rabin kofi, zuma da man kwakwa cokali 5 kowanne, ɗan gishiri da kirfa. A cakuɗa sosai, a baza a tire kada ya yi tudu. A gasa a obin a digiri 150 na Celsius, minti 25 zuwa 30, a juya sau ɗaya a tsakiya.

Za ta fito da laushi, kar a mayar. Sai ta huce take yin ƙaras-ƙaras. Dabino kuwa sai bayan an sauke, in ba haka ba ya bushe ƙamas. A adana a kwalba, da damina a rufe ta gam.