Wata Huɗu Ina Bin Bishiya Ɗaya

'Yan uwa masu koyon sanin itatuwa, barkanmu da war haka. Rabona da in faɗa muku inda na kwana tun bayan girbi. Yanzu itatuwa 23 ne a littafina waɗanda na tabbatar da sunansu, amma guda ɗaya ta fi sauran 22 ba ni wahala, kuma labarinta na kawo.

A watan Fabrairu, kan hanyar garinmu zuwa Birnin Kudu, na hango wata bishiya a gefen gona. Ko ganye ɗaya babu a jikinta, sai fure ruwan hoda ya lulluɓe rassan. Kowane fure kamar ƙaramin mazurari yake, da jan zane-zane a cikin bakinsa, ga ƙamshi. Shekara nawa ina bin hanyar nan ban taɓa ɗaga kai na dube ta ba. Na ɗauki hoto kusan goma, duk na furen.

Manhajar gane tsirrai da ke wayata ta ce Tabebuia ce, bishiyar nahiyar Amurka da ake dasawa don ado. Hankalina bai kwanta ba. Wa zai kawo itacen ado ya dasa tsakiyar karan dawa?

Sai na kai hoton wurin wani dattijo mai sassaƙa turmi a unguwarmu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini wayar. "Ɗana, fure ai kwalliya ce. Ina ɓawon? Ina 'ya'yan?" Na ce, "Baba, ban ɗauka ba." Ranar Juma'a bayan an sauko muka tafi tare. Yana shafa jikin bishiyar, mai ruwan toka da ke ɓanɓarewa faci-faci, ya ce sansami ne, wasu kuma su ce jiri.

Duk da haka ban rubuta ba sai da na ga sauran shaidu da idona. Na koma a Afrilu, na tarar da dogayen kwafsa sirara suna reto, sun murɗe kamar igiya, in sun tsage iri mai fukafukai ya biyo iska. Da ruwa ya sauka ganye ya fito, ƙanana bibbiyu suna fuskantar juna, ɗaya tilo a ƙarshe. Komai ya dace da sansami, wanda masana ke kira Stereospermum kunthianum. Abin da ya ƙara burge ni, ashe danginsu ɗaya da Tabebuia, wato Bignoniaceae. Manhajar ta gane gidan, ɗakin ne ta kuskure, kuma fure kaɗai na ba ta.

Tun daga nan hoto biyar nake yi wa kowace bishiya: tsayuwarta daga nesa, ɓawo, ganye gaba da baya, fure, sai 'ya'ya ko da busassu ne a ƙasa. Ina rubuta wata da wurin.

In za ku ɗauki hoto, ku riƙa sa biro ko yatsa kusa da ganyen don a ga girmansa. Kalgo da tsattsagi ne suka koya mini haka. Dukansu ganyensu a rabe yake kamar kofato, a hoto sai ka rantse abu ɗaya ne. Alhali na kalgo ya kusa tafin hannu, ga kauri, na tsattsagi kuwa da kyar ya wuce farcen babban yatsa.

Sunayenmu na Hausa kuma kada mu raina su. Tun 1916 wani Bature masanin tsirrai, J. M. Dalziel, ya buga littafi sukutum na sunayen tsirrai da Hausa, daga bakin irin su Baba ya tattaro su. Yana damuna ƙwarai yadda yaran garinmu suka san darbejiya, baƙuwa daga Indiya, amma ka nuna musu ɗunɗu ko minjirya su yi shiru.

Yanzu furen bishiyar kuka nake jira. Farin furenta da almuru yake buɗewa, jemagu su zo masa cikin dare, washegari ya fara yaushi. Akwai wata a bayan makarantar allo da tohon furenta ya fara saukowa, na riga na ari tocila mai haske sosai.