Ziyara zuwa garin da Toyota ta fito

Wani taron bita ne ya kai ni Tokyo, amma tun kafin in bar Kano na ƙudurce a raina cewa sai na leƙa Nagoya. Dalili biyu ne. Ɗan yayata yana karatun injiniya a can, kuma a yankin ne Toyota ta tashi. Mutumin da ya yi rayuwarsa tsakanin Corolla ta gida da Hiace ta tasha ba zai je Japan ya dawo bai ga tushen abin ba.

Jirgin Habasha muka hau zuwa Addis Ababa, daga nan muka ya da zango a Koriya ta Kudu, sannan muka sauka a Narita ƙafafu duk sun kumbura. Da aka tashi daga taron na hau jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya, Shinkansen, wanda ke cin tafiyar Tokyo zuwa Nagoya a cikin kamar awa ɗaya da minti 40. An ce mini in nemi kujerar hannun dama, kuma aka yi sa'a gari ya washe, na ga dutsen Fuji da farar hularsa ta ƙanƙara kafin gidaje su sake rufe shi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a Nagoya shi ne titi. Na zo da tunanin zan ga Hilux da Prado ko'ina, sai na tarar da wasu 'yan mitsi-mitsin motoci masu siffar akwati da lamba ruwan ɗorawa. Su ake kira kei, injinsu ba ya wuce cc 660, harajinsu da sauƙi, kuma ko'ina suna samun wurin fakin. Tasi kuwa yawanci Toyota ce, wasu tsohuwar Crown, wasu sabuwar nan mai launin baba da aka fito da ita a 2017. Direba da farar safar hannu, ƙofar baya ta buɗe da kanta. Na kai hannu zan rufe, ɗan yayata ya riƙe ni.

"Kawu, bar ta, direba ne ke rufewa daga inda yake."

Na tambaye shi ina Hilux ɗin. Ya yi dariya ya ce ai an daina sayar da ita a Japan a 2004, sai 2017 aka dawo da ita, kuma ko wadda ake sayarwa yanzu daga Tailan ake kawo ta. Ka ji fa. Motar da mu muke ɗauka ita ce fuskar Japan, a gidansu baƙuwa ce.

Washegari muka tafi gidan tarihin masana'antu na Toyota, tasha ɗaya daga babbar tashar Nagoya, a sauka a Sako a taka 'yan mintuna. Tsohuwar masaƙa ce ta jan bulo wadda Sakichi Toyoda ya kafa a 1911, aka mayar da ita gidan tarihi a 1994, shekara 100 cif da haihuwar ɗansa Kiichiro. Kana shiga, babu mota ko ɗaya a gabanka. Wani ƙaton injin saƙa ne mai zagaye, wanda Sakichi ya ƙirƙira a 1906, yake tsaye a tsakiyar zaure. Daga nan sai wani makeken ɗaki cike da injinan kaɗi da na saƙa, yawancinsu kuma suna aiki. Warin auduga da man inji ya buge ni, nan take na tuna Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke da rai, lokacin da jiniyar canjin aiki ke cika titi da kekuna. Ɗaya daga cikin waɗancan masaƙun ma, Arewa Textiles, da jarin Japanawa aka kafa ta.

An haifi Sakichi a 1867 a wani ƙauye na lardin Shizuoka. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuma tana saƙar hannu, kuma wahalar da ya ga tana sha ce ta sa ya fara taɓa masaƙa. Ya yi ta gyara yana sakewa shekara da shekaru har ya kai ga injin da suke kira Type G a 1924. A gaban wannan injin na fi daɗewa. Wata ma'aikaciya ta kunna shi, ƙoshiya ta shiga kai da kawo da ƙara kamar za ta fasa kunne. Da zaren cikinta ya kusa ƙarewa, sai injin ya tunkuɗe ta ya cusa wata cikakkiya ba tare da ya tsaya ba, ido ma bai isa ya kama lokacin ba. Sannan ta nuna mana abin da ya fi wannan. Kowane zaren tsaye yana ɗauke da wani siririn ƙarfe a rataye. Ta tsinka zare guda ɗaya tak, ƙarfensa ya faɗa ƙasa ya tokare wani sanda, injin ya tsaya cak. Babu kwamfuta, babu na'urar hange. Nauyin ƙarfe ne kawai da dabara.

Amfanin abin shi ne injin ba zai ci gaba da saƙa yadi mai aibi ba, kuma ba sai an tsayar da mutum yana gadinsa ba. Ma'aikaci ɗaya ya iya kula da injina gommai. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila, wanda a lokacin shi ne uban masu ƙera injinan saƙa, ya sayi haƙƙin wannan ƙirƙira a kan fam 100,000. Sakichi ya rasu a 1930, Kiichiro kuwa, wanda ya zaga Amurka da Turai ya ga yadda mota ke cin kasuwa, ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin injinan saƙar a 1933.

Ɓangaren motoci na gidan bai ɓoye wahalar farko ba, kuma wannan ya burge ni. An nuna yadda suka yi ta zuba narkakken ƙarfe don fitar da gangar inji yana lalacewa, da yadda aka ƙwanƙwasa bodin motar gwaji ta farko da guduma a kan firam na katako, irin aikin da kowane mai gyaran bodi a garejinmu zai gane da kallo ɗaya. Injin farko na Chevrolet suka kwance suka kwaikwaya. Babbar motarsu ta farko, G1 ta 1935, ta yi ta lalacewa a hanya, har sai da injiniyoyin kamfani suka riƙa bin masu ita suna gyarawa a bakin titi suna ba da haƙuri. Motar shiga ta farko, AA, ta fito a 1936, aka yi wa kamfanin mota rajista da kansa a 1937, da sunan Toyota maimakon Toyoda na iyalin. Duk wanda yau yake cewa kayan China kwaikwayo ne, ya kamata ya tsaya a gaban wannan injin na 1930 da 'yan kai ya yi shiru.

A 1950 saura ƙiris kamfanin ya rushe. Kuɗi suka ƙare, bankuna suka gindaya sharaɗin rage ma'aikata, aka yi yajin aiki na watanni, Kiichiro ya ajiye muƙaminsa. Ba a jima ba yaƙin Koriya ya ɓarke, sojojin Amurka suka yi odar manyan motoci dubbai, kamfanin ya farfaɗo. Shi Kiichiro bai ci moriyar abin ba, ya rasu a 1952. A wannan tsakanin aka yi wata jif mai suna BJ a 1951, wadda aka hau da ita dutsen Fuji har zango na shida don a nuna ƙarfinta, ita ce aka raɗa wa Land Cruiser a 1954. Crown ta zo a 1955, aka kai ta Amurka a 1958 ta sha kunya, don ba ta iya jure gudun manyan titunansu ba. Corolla ta fito a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968. Wato motoci ukun da suka riƙe hanyoyinmu kusan sa'annin juna ne. Zuwa 2021 an sayar da Corolla fiye da miliyan 50.

Garin Toyota kansa, wanda ke kusa da Nagoya, bai ba ni wani abin labari ba. Sunansa na asali Koromo, a nan aka buɗe masana'anta a 1938, aka sauya wa garin suna a 1959. Gidaje ne, da masana'antu, da manyan motocin dakon kaya masu shiga da fita a kan lokaci. Abin da na riƙe daga ɗakin baje kolin da ke hedikwata shi ne bayanin igiyar da ke bin layin haɗa mota. Duk ma'aikacin da ya ga matsala yana da ikon ja, fitila ta kama, shugabansa ya rugo, in ba a warware ba layi ya tsaya. Wannan shi ne siririn ƙarfen masaƙar Sakichi, an mayar da shi hannun mutum. Taiichi Ohno, wanda ya tsara wannan salon aiki, shi ma daga masaƙar Toyoda ya fara. A ganina ƙarkon da muke yabo a tasha daga nan ya samo asali, daga yarda cewa gara a tsaya yanzu da a tura aibi gaba. Ba wai ba sa kuskure ba ne. A 2009 da 2010 sun janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur da shimfiɗar ƙafa, har shugaban kamfanin, Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka ya ba da haƙuri.

Ranar Juma'a muka yi sallah a masallacin Nagoya, kusa da tashar Honjin. Bayan an sallame na faɗa hira da wasu 'yan Pakistan masu sana'ar fitar da tsofaffin motoci, sana'ar da suka yi kaka-gida a cikinta a Japan. Su suka fayyace mini dalilin da ya sa Bajapane ke rabuwa da mota tana da sauran ƙuruciya. Akwai binciken lafiyar mota na dole da ake kira shaken, na farko bayan shekara uku da saye, daga nan duk shekara biyu, kuma da kuɗin binciken da haraji da inshora da gyaran da za a ce sai an yi, abin yana taruwa. Mota na tsufa, haraji na ƙaruwa. Sai mutum ya ga gara ya sauya. Motar ta tafi kasuwar gwanjo, daga nan tashar jiragen ruwa, sai Mombasa ko Darussalam, inda ake tuƙi a hannun hagu kamar Japan. Mu da muka koma hannun dama tun 1972, namu Beljiyam ɗin yawanci daga Amurka da Turai suke zuwa ta Kwatano da Legas. Camry ɗin da ake ji da ita a Kano, da wuya in ba a Kentucky aka haɗa ta ba.

Wani dattijo Bajapane, maƙwabcin ɗan yayata, ya nuna mini tasa Corolla. Ya buɗe aljihun gaba ya ciro littafi, kowane juyen mai da ranarsa da hatimin gareji. Ya ɗaga bonet, inji ƙal kamar ba a taɓa tayar da shi ba. Ta bakin ɗan yayata ya ce mini bai taɓa kwana a hanya ba, amma kuma bai taɓa neman ta yi abin da ba a yi ta dominsa ba. Sai na ciro waya na nuna masa hoton Hilux a Agadas, an yi mata lodi har ba a ganin bodi, jarkokin ruwa na reto a gefe, mutane a sama kowa ya rungume sanda, za a keta Sahara. Ya daɗe yana kallo, ya ƙara girman hoton da yatsu yana duba tayoyin baya. Tambaya ɗaya ya yi: shin tana isa? Na ce yawanci tana isa. Na ba shi labarin 1987, lokacin da sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Gaddafi a Fada da Wadi Dum a kan Hilux da Land Cruiser, har aka sa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota. Bai ji daɗin wannan ba, na gani a fuskarsa, sai na sauya magana.

Ni dai ina ganin mu biyun ba mota ɗaya muke yabo ba. Shi yana yabon motar da ba ta taɓa ba shi matsala ba saboda ya bi littafi. Mu muna yabon motar da ke yafe mana: man da aka gauraya, juyen da aka jinkirta, ramin da aka faɗa da gudu, lodin da ya ninka ƙa'ida. Kuma rabin wannan suna na bakanikenmu ne. Yaron da ke koyon aiki a gareji da injin Corolla yake buɗe ido, kayan gyaranta kuma ko a Ƙofar Ruwa ko a Panteka ba a rasa su, sabo da Beljiyam da jabu, kowa da aljihunsa. Shi ya sa direban tasha zai ce maka Toyota kuɗi ce a ajiye, ranar da ka so sayarwa kafin la'asar ka samu mai saye.

Kafin in taho sai da na cika wani saƙo. Wani maƙwabcina mai jigila da Sienna tsakanin Kano da Abuja ya roƙe ni in sayo masa famfon ruwa na asali, tunda ga ni a gidan masu abin. Muka shiga wani shagon kayan mota, ɗan yayata ya nuna wa mai shagon lambar kayan. Mutumin ya duba kwamfuta, ya kira abokin aikinsa, suka yi ta sunkuyar da kai suna ba da haƙuri. Sienna ba motar kasuwar Japan ba ce, a jihar Indiana ta Amurka ake haɗa ta, kuma shi mai shagon a hoto kawai ya santa. Suka ce za a iya yin oda, amma sai an jira. Da na dawo Kano na shiga Ƙofar Ruwa, a shago na biyu na samu famfon, na kai wa maƙwabcina na gaya masa gaskiyar inda na sayo. Ya juya kwalin ya ce, "To, Alhaji, ai da ka bar ni a kan daga Japan ne, da ya fi ƙarko."