Kalmar da ke buɗe sakin layi

Kwanakin baya na ɗauko wata maƙala da na rubuta mai sakin layi 9, na sa jan biro ina zagaye kalmar da na buɗe kowanne da ita. Guda 5 da "Bugu da ƙari" suka fara, 2 kuma da "Har ila yau". Abin ya dame ni ƙwarai, domin da na sake karantawa a tsanake sai na ga a wurare uku ba ƙari nake yi ba, ja nake yi da maganar da ta gabata. Na shaida wa mai karatu cewa ƙari na tafe, sannan na kawo masa akasin haka.

Tun daga ranar, kafin in shiga sabon sakin layi nakan tambayi kaina: mene ne tsakaninsa da na samansa? In sakamako ne, "Saboda haka" ta dace, amma fa sai in dalilin yana nan a sama ƙarara.

Inda na fi daɗewa ina juyayi shi ne tsakanin "Amma", "Sai dai" da "Duk da haka". Da yawa na ɗaukarsu abu ɗaya, ni kuwa a kunnena kowace da nauyinta. A ce sakin layi ya ƙare da cewa ɗalibi ya yi ƙoƙari a jarrabawa. In na buɗe na gaba da "Amma bai ci ba", na juya akalar maganar gaba ɗaya. In na ce "Sai dai rubutunsa ba ya karantuwa", yabon na nan daram, gefe guda kawai na taɓa. "Duk da haka bai ci ba" kuwa, na yarda da ƙoƙarin nasa, har da ɗan tausayi a ciki.

"Ashe" ina ƙaunarta sosai, shi ya sa nake tattalinta. Ba na fito da ita sai in da gaske akwai abin da ya bayyana wanda ba a zata ba.

A maƙalar nan tawa, sakin layi na huɗu ya ƙi karɓar kowace daga cikinsu. Na rufe "Bugu da ƙari" da yatsa, na karanta jimlar a bayyane, sai na ji ta tsaya da ƙafarta. Na goge kalmar, na bar shi ya fara da "Yaran ajin ba su da littafi ko ɗaya."