Yadda na nema wa Kawu kuɗin naƙasa a Amurka

A farkon 2024 ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da kawuna a Bronx, cikin birnin New York. Shekarunsa 58, ya daɗe da zama ɗan ƙasa, kuma ni ne mai karatun boko a gidan, don haka ɗawainiyar takardu ta faɗo kaina. A masallacinmu kowa cewa yake yi "a nema masa kuɗin gwamnati", kamar abu guda ne. Ni ma haka na ɗauka. Ashe biyu ne, SSDI (inshorar naƙasa ta ma'aikata) da SSI (tallafin mabuƙata), kuma duk da hukuma ɗaya ke kula da su, ba hanyarsu ɗaya ba.

Ta fuskar ciwo ma'auninsu ɗaya: sai an tabbatar ciwon ya hana mutum aikin da zai riƙe shi, kuma zai kai wata 12 ko ya zama ajali. Wannan bai ba mu wahala ba, takardun likita sun wadatar.

SSDI inshora ce, a 1956 aka kafa ta. Duk mai albashi ana cire masa kashi 6.2 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ma ya zuba kamar haka, a riƙa rubuta wa ma'aikaci maki, huɗu a shekara in ya cika. A 2024 kowace dala 1,730 da mutum ya samu maki ɗaya ce. Na lissafa wa Kawu: ya yi shekara goma sha biyu a wani ɗakin ajiyar kaya ana cire masa, ya haura jimillar makin da ake nema. Na ce masa, "Kawu, kwantar da hankalinka, guminka ne za su mayar maka."

Wasiƙa ta zo an ƙi. Abin da ban karanta da kyau ba shi ne, ga mai shekaru irin nasa, dole 20 daga cikin makin su kasance na shekara goman da suka gabaci ciwon. Shi kuwa tun 2011 ya bar aikin albashi ya koma sayar da huluna da turare a bakin titi, kuɗi a hannu, ba ya kai rahoton ribarsa. Inshorar ta ƙare masa shekaru da dama ba tare da ya sani ba. Tsofaffin makin ba su zube ba, za su yi masa rana wajen fansho in ya kai 62, amma wannan ƙofar ta rufe. Ranar da na fassara masa wasiƙar ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Ɗana, da muna ganin dabara muke yi."

Sai muka koma kan SSI. Wannan tallafi ne na mabuƙata, an fara biyan sa a 1974, daga baitulmalin gwamnati yake fitowa, ba ruwansa da ko ka taɓa aiki. Tambayarsa ita ce me ka mallaka. Iyakar dukiya dala 2,000 ce ga mutum ɗaya, 3,000 ga ma'aurata, adadin da bai motsa ba tun 1989 (a ganina wannan ya tsufa ƙwarai, a garin da hayar wata guda ke lashe irin wannan kuɗi). Gidan da kake ciki da mota ɗaya ba sa cikin lissafi. Amma ɗaukar adashin da Kawu ya ajiye a banki tana ciki, haka ma filinsa na Maradi.

A nan na kusa yin kuskure na biyu. Na ce a mayar da filin da sunan ƙaninsa kawai. Wata lauya mai taimakon marasa hali ta taka mini birki: kyautar da dukiya, ko sayar da ita ƙasa da darajarta don a cancanta, na iya jawo a hana mutum tallafin har wata 36. Dole aka sayar da filin a kan farashinsa, aka biya basussukan da suka taru tun kwanciyarsa, muka adana rasit ɗin komai.

Da aka amince, cikakken kuɗin tarayya a shekarar dala 943 ne a wata, amma da yake yana zaune a gidana ba ya biyan komai, aka zaftare kashi ɗaya cikin uku. Zumuncin da a gida abin yabo ne, a nan an ƙirga shi a matsayin samu. Sai da ya fara biyan rabonsa na haya da wuta aka gyara. Abin da ya sanyaya mana rai shi ne Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga marasa hali, wadda a jiharmu take tafiya tare da SSI. Maƙwabcinmu mai karɓar SSDI sai da ya jira wata biyar kafin kuɗin farko, sannan wata 24 kafin Medicare (inshorar lafiya ta tsofaffi da naƙasassu), amma shi ba wanda ke leƙa asusunsa na banki, kuma da yake ɗan ƙasa ne yana iya zuwa gida ya daɗe kuɗinsa na shiga.

Kawu kuwa in ya yi kwana 30 a jere a wajen Amurka tallafin zai tsaya, sai ya dawo ya sake cika kwana 30 kafin a ci gaba. Bikin autarsa na tafe a Maradi. Shi da ya saba yin wata uku in ya je, jiya na yanka masa tikitin kwana 26, yana zaune kusa da ni yana ƙirga ranakun da yatsun hannunsa mai lafiya.